Yadda ake zaɓen hedifon don sauraron kiɗa a kwamfutar tafi-da-gidanka

Yawancin kwamfutocin tafi-da-gidanka suna zuwa ne da ƙananan lasifikoki waɗanda ba sa fitar da amon ganga da sauran sautuka masu kauri yadda ya kamata. Shi ya sa masu sauraron kiɗa, ko karatu, ko wa'azi suke neman hedifon. Abubuwa uku ya kamata mai saye ya duba: dacewar na'urar da kwamfutarsa, wurin da zai riƙa sauraro, da kuma lafiyar kunnensa.

Ire-iren hedifon

Akwai ƙarami da ake cusawa cikin kunne, wanda aka fi sani da iyafis. Yana da sauƙin ɗauka, kuma idan robar bakinsa ta dace da kunne, yana toshe hayaniya sosai. Akwai matsakaici da ke zama a kan kunne, sai babba da ke lulluɓe kunnen gaba ɗaya. Babban ya fi ba da cikakken sauti, amma a lokacin bazara kushinsa na leda yana tara gumi, don haka mai kushin yadi ya fi daɗin sawa na tsawon lokaci.

A cikin manyan kuma akwai mai rufaffen baya da mai buɗaɗɗen baya. Mai buɗaɗɗen baya yana barin sauti ya fita, hayaniyar waje kuma ta shigo, saboda haka bai dace da ofis ko ɗakin kwanan ɗalibai ba.

Mai waya ko mara waya

Kafin a je kasuwa, a duba gefen kwamfutar. Mafi yawansu suna da kafar sauti mai faɗin milimita 3.5. Bakin waya mai zobe biyu sauti kawai yake ɗauka, mai zobe uku kuwa yana haɗe da makirfo. Wasu tsofaffin kwamfutoci suna da kafa biyu, ɗaya ta sauraro ɗaya ta makirfo, yayin da wasu sababbi sirara ba su da kafar ko kaɗan, sai an haɗa ta USB-C.

Mai waya ba ya buƙatar caji, wanda hakan babbar fa'ida ce a inda wutar lantarki ba ta da tabbas. Mai Bluetooth yana ba da damar kai-komo, sai dai batirinsa yana rauni bayan 'yan shekaru, sannan a kwamfutoci da yawa ingancin sautinsa yana faɗuwa da zarar an kunna makirfonsa.

Lambobin da ke jikin kwali

Kusan kowane kwali yana ɗauke da rubutun 20Hz zuwa 20,000Hz. Wannan shi ne iyakar abin da kunnen ɗan Adam ke ji, kuma ba ya bambanta mai kyau da mara kyau. Lambar da ta fi amfani ita ce ta ohm. Hedifon mai ohm 16 zuwa 32 kowace kwamfuta za ta iya ɗaukarsa. Mai ohm 250 ko fiye, irin na ɗakunan naɗar waƙa, yakan buƙaci amfilifaya, in ba haka ba sautin zai fito ƙasa-ƙasa.

Lafiyar kunne

Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin cewa matasa sama da biliyan ɗaya na fuskantar barazanar rasa ji saboda sauraron sauti mai ƙarfi. A ma'aunin hukumar, baligi zai iya sauraron sauti mai ƙarfin desibel 80 na tsawon sa'o'i 40 a mako. Idan ƙarfin ya kai desibel 90, lokacin yana raguwa zuwa sa'o'i huɗu kacal. Ƙwayoyin da ke karɓar sauti a can cikin kunne ba sa sake tsirowa idan sun lalace.

Abin da ke sa mutane ƙure murya shi ne hayaniyar da ke kewaye da su. Wanda yake zaune kusa da janareta zai yi ta ƙara sauti ba tare da ya ankara ba. Hedifon mai fasahar kashe hayaniya ya fi tasiri a kan irin wannan rugugi mai ɗorewa, kamar na janareta ko fanka, amma ba ya kawar da muryoyin mutane gaba ɗaya. Hukumar ta ba da shawarar kada a wuce kashi 60 cikin ɗari na ƙarfin na'ura, a kuma riƙa hutar da kunne. Jin ƙara a cikin kunne bayan an cire hedifon alama ce ta cewa an wuce gona da iri, kuma idan ta ɗore sai a ga likita.

Kafin a biya kuɗi

Jabun kaya masu ɗauke da sunayen manyan kamfanoni sun yi yawa a kasuwanni, kuma araha ba ta ado. Yana da kyau mai saye ya tafi da kwamfutarsa, ya gwada da waƙar da ya sani sosai, ya tabbatar kunnen dama da na hagu suna aiki daidai, ya motsa gindin wayar ko sautin zai katse. Sannan ya rage murya zuwa rabi. Idan har yana jin kiɗan tar a hakan, to ya samu abin da yake nema.