Asalin Gidan Arewa na Kaduna

A titin Rabah, cikin Kaduna ta Arewa, akwai wani gida mai yalwar fili da inuwar itatuwa da ake kira Arewa House, wato Gidan Arewa. Yau malamai da ɗalibai ke shige da fice cikinsa, amma da fari ba don karatu aka gina shi ba. Gidan mulki ne.

Ga yadda aka yi. A 1917 Turawa suka taso da hedikwatar Arewa daga Zungeru suka kawo ta Kaduna, gari ya kafu, ofisoshi suka yawaita. Ana nan ana nan har mulki ya fara komowa hannun 'yan ƙasa, Alhaji Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, ya zama Firimiyan Jihar Arewa a 1954. Wannan gida shi ne mazauninsa. Nan sarakuna ke zuwa gaisuwa, nan ministoci ke kawo shawara, talaka kuma ya zo da kukansa. Titin ma sunan garin haihuwarsa ya ci.

Ran nan, daren Juma'a wayewar Asabar, 15 ga Janairu 1966, ana cikin watan azumi, sai sojoji ƙarƙashin Manjo Chukwuma Nzeogwu suka auka wa gidan. Suka buɗe masa wuta har gobara ta kama, suka kashe Sardauna tare da uwargidansa Hafsatu. Allah ya jiƙansu. Shekara na kewayowa Janar Yakubu Gowon ya raba Jihar Arewa gida shida, aka wayi gari babu Firimiya, babu ma kujerar tasa.

To, me za a yi da gidan? A nan ne magabata suka yi hangen nesa da ya cancanci yabo. A 1970 aka kafa kwamitin rubuta tarihin Arewa, aka ba shi wurin, aikin kuma aka danƙa shi ga Farfesa Abdullahi Smith, wani Baturen Ingila da ya musulunta, wanda ya daɗe yana koyar da tarihi a Ibadan da Zariya. Mutumin nan ya yi imani cewa ba da zuwan Turawa tarihinmu ya fara ba, yana nan rubuce da alƙalamin malamanmu, neman mai tattarawa kawai yake yi. Shi ya aza harsashin cibiyar binciken tarihi a gidan. A 1975 aka miƙa ta ga Jami'ar Ahmadu Bello, wadda Sardauna da kansa ya kafa a 1962. Kaya ya koma hannun mai shi ke nan.

In ka shiga yau, za a nuna maka hotuna da kayan Sardauna. Amma a ganina dukiyar gidan tana ɗakin ajiyar rubuce-rubuce: littattafan Larabci da na ajami, warƙa-warƙa ba ɗinki, takarda ta yi jaja-jaja don tsufa, baƙar tawada kuwa raɗau, ga sharhin wani almajiri a gefe da ƙananan baƙaƙe. Akwai fayilolin tsohuwar gwamnati, da tsofaffin jaridu, da kundayen digiri na jami'o'i. Smith ya rasu a 1984, littattafansa kuma suna nan ana karantawa, masu bincike na zuwa musu daga ciki da wajen Nijeriya.