Yadda Aka Tuɓe wa Jaruman Ingila Rawani

A shekarar 1999, Alan Moore da mai zane Kevin O'Neill suka tattaro taurarin tsofaffin littattafan Turai cikin labarin zane guda, The League of Extraordinary Gentlemen, suka sa su aikin leƙen asiri a Ingila ta 1898. Wanda ya fi jan hankalinmu shi ne Allan Quatermain, Baturen maharbin da Rider Haggard ya ƙago a 1885, mai ratsa Afirka da bindiga tamkar gonar gado. A nan kuwa a Alƙahira aka tsinto shi, shaye-shaye ya cinye shi. Jagorancin ma mace aka damƙa wa, Mina Murray ta littafin Dracula. Da James Bond ya ɓullo a 2007 da sunan Jimmy, matsoraci muka tarar, mai cin zarafin mata.