Sainte-Chapelle

Sainte-Chapelle, wato "Majami'a Mai Tsarki", ƙaramar majami'a ce da ke tsibirin Cité a tsakiyar kogin Seine, cikin birnin Paris na ƙasar Faransa. An gina ta da salon ginin Gothic, kuma ta yi suna saboda tagoginta na gilashi mai launi.

Tarihi

Sarki Louis na 9 ne ya sa aka gina ta a cikin fadarsa, aka keɓe ta ranar 26 ga Afrilu, 1248. Manufarsa ita ce adana kayan tsarki na Kiristoci, musamman kambin ƙaya da suka yi imani an ɗora wa Yesu, wanda ya saya daga sarkin Kustantiniya, Baldwin na 2. Ginin ya lalace lokacin juyin juya halin Faransa, aka gyara shi a ƙarni na 19.

Tsarin gini

Majami'ar hawa biyu ce. Ma'aikatan fada ke ibada a ƙasa, sarki da iyalansa a sama. Hawan sama yana da manyan tagogi 15, kowace tsayinta kusan mita 15, ɗauke da zane 1,113, galibi labaran Littafi Mai Tsarki. Ginshiƙan waje ne ke ɗaukar nauyin rufin, shi ya sa bangon kusan duk gilashi ne. Kimanin kashi biyu cikin uku na gilashin na asali ne.

Ziyara

Majami'ar tana cikin harabar babbar kotun Paris, don haka ana binciken maziyarta a ƙofa. Ana hawa sama ta ƙunƙuntar matakala mai zagaye. Galibin tagogin ana bin labarinsu daga hagu zuwa dama, daga ƙasa zuwa sama, kuma launukansu sun fi fitowa idan ana rana.