Yadda Zambo Ya Shiga Muhawarar Auren Jinsi a Amurka

Salon zambo da ake ɗaukar hujjar abokin gaba a bi ta har ƙarshenta, domin a nuna inda take kaiwa, tsohon abu ne a adabin Turawa, kuma masana kan danganta shi da Jonathan Swift, wanda a 1729 ya ba talakawan Ireland shawarar sayar da jariransu a matsayin abinci, alhali manufarsa tona asirin masu mulki. Wannan salo ne ya sake kunno kai a Amurka bayan jihar Massachusetts ta fara ɗaura auren jinsi a 2004.

Abin ya bayyana a talabijin, inda a 2005 shirin The Simpsons ya nuna wani gari da ya halatta irin wannan aure don kawai ya samu kuɗin 'yan yawon buɗe ido. Sai dai abin da ya fi jan hankali ya faru ne a jihar Washington, bayan kotun ƙolin jihar ta yanke hukunci a 2006 cewa majalisa na da ikon keɓe aure ga namiji da mace, tana kafa hujja da haihuwa. A 2007 wasu magoya bayan auren jinsi suka gabatar da ƙudurin jama'a mai lamba 957, wato dokar da talakawa ke nema ta hanyar tara sa hannu, wanda ya tanadi warware duk auren da ya shekara uku babu haihuwa. Su kansu fatansu shi ne idan dokar ta wuce kotu ta soke ta, amma ba ta kai ga akwatin zaɓe ba. Haka aka yi a California bayan masu zaɓe sun haramta auren jinsi a 2008, inda wani mai suna John Marcotte ya nemi a haramta saki, tunda an ce kare aure ake yi.

Masu adawa da auren jinsi, waɗanda akasarinsu kan addini suka tsaya, sun ɗauki wannan a matsayin izgili, kuma da wuya a nuna cewa ya sauya ra'ayinsu, domin masu dariyar tun asali magoya baya ne. A Washington ƙuri'ar raba gardama ta 2012 ce ta halatta auren, sannan Kotun Ƙolin Amurka ta wajabta shi a kan dukkan jihohi ranar 26 ga Yuni, 2015.