Tabo da Wari a Tufafi: Yadda Mutanen Arewacin Zazzau Suka Yi da Su

Garin Ɗandamisa yana cikin ƙasar Maƙarfi, a arewacin Zazzau, maƙwabtaka da Ikara da Kudan. A yau an fi sanin wannan yanki da noman rake da mazarƙwaila. Amma a ƙarni na 19 yana cikin babban yankin nan na saƙa da rini wanda ya taso daga kudancin Kano, ta su Kura da Rano da Ƙaraye, ya gangaro har Kudan da Hunƙuyi da Maƙarfi. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya shiga Kano a 1851, ya tarar tufafin da ake saƙawa ana rinawa a ƙasar su ne ƙashin bayan cinikinta, har ana kai su Tambutu da Tarabulus. Mutanen da suka san tufa haka ba za su rasa dabarar raya ta ba idan ta tsufa, ko ta yi tabo, ko ta ɗauki wari.

Ya kamata a fara tuna cewa riga a wancan zamani dukiya ce. Auduga sai an gurje ta, an kaɗa, an saƙa ƙwarya-ƙwarya, an ɗinke, sannan mai aiki ya zauna a kanta wata da watanni. Irin wannan riga ana gadonta, ana jinginar da ita, sarki yana yin kyauta da ita. Saboda haka tabo a jikinta hasara ce, kuma yawan wanki ma hasara ne, don yana cin zare yana kashe launi.

Tushen wankin gargajiya toka ce. Mata sukan ƙona karan dawa ko na gero, su zuba tokar a tukunya mai huji, su tace ta da ruwa. Ruwan tokar nan shi ake dafawa da man kaɗe ko man gyaɗa ko kitse har ya kama, ya zama sabulun salo. Masana kimiyya sun bayyana dalilin: sinadarin da ke cikin toka yana haɗuwa da mai, sai su zama abin da ke kama maiƙo ya tafi da shi cikin ruwa. Kanwa, wadda fatake ke kawowa daga ƙasar Barno, ita ma tana narkar da maiƙo. Wanda ba shi da ko ɗaya yakan sassaƙo ɓawon aduwa ko saiwarta ya daka, ya sami kumfa. Tsatsa kuwa sai tsami; a matsa lemun tsami a wurin, a shanya a rana.

Sai dai akwai tabon da ya fi ƙarfin waɗannan duka, kuma babbansu shi ne na goro. Idan ya kwana a farar riga ya riga ya zama rini, toka da kanwa ba su ƙara masa komai sai duhu. A nan ne hikimar mutanen da ta fi fitowa, domin ba su tsaya jayayya da abin da ba ya fita ba. Sai su mayar da rigar marina. A tsoma ta a ramin baba, a fitar ta sha iska, a sake tsomawa, har tabon ya nutse cikin shuɗi. Daga nan a kai ta mabuga, a shimfiɗa a kan gungume a yi ta bugu, wani lokaci a barbaɗa shuni, ta fito tana ƙyalli kamar ba a taɓa sa ta ba. Watau marini ya kasance mai wankin ƙarshe, kuma riga guda takan yi rayuwa biyu: ta fara fara, ta ƙare baƙa. Tufa mai shuni kuwa, irin su kore da turkuɗi da rawani ɗan Kura, ba a cika kai ta ruwa ba, don ƙyallin da aka saye ta dominsa ruwa ne ke tafiya da shi.

To, tufar da ba a wankewa yaya za a yi da warinta? Rana da hayaƙi. Da damina ta wuce akan fito da kaya daga adudu, a baza su a rana don a kashe fumfuna, a kore asu. Sannan a zuba garwashi a kasko, a sa turaren wuta, a rufa tufar a kai hayaƙin ya ratsa ta. Kajiji da saiwar jema da ƙaron hano duk na gida ne. Sandal da farce kuwa fatake ke kawowa. Gaskiya ita ce ranar ce ke yin mafi yawan aikin, hayaƙin rufewa yake yi, amma su biyun tare sun wadatar.

Malamai su ma suna da tasu magana. A fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukan Zazzau, an rarrabe tsarki da fitar tabo. Littafin Muhtasar na Shehu Halilu ya nuna cewa idan an wanke najasa da ruwa mai tsarki, launi ko warin da ya gagari fita ba ya hana tufar tsarkaka. Ke nan mutum yana iya salla da riga mai tabo zuciyarsa a kwance.

Sauyi ya biyo hanyar jirgin ƙasa, wadda ta ratsa Zariya ta isa Kano a 1911. Tun 1897 Jamusawa suka fara sayar da baban da aka haɗa a masana'anta. Fararen yadudduka na kanti suka yawaita, kamfanin Lever Brothers ya kafa masana'antar sabulu a Apapa cikin shekarun 1920, masaƙar Kaduna Textiles ta fara aiki a 1957. Garin sabulu na Omo ya shigo wajen 1960, ya karɓu har sunansa ya zama sunan kowane garin wanki a bakin Hausawa. Bula da sitaci da dutsen guga na gawayi suka maye gurbin bugu, wanki da guga ya zama sana'ar maza a birane. Yayin da yadi ya yi arha, sai mayar da riga marina ya daina biyan wahalarsa, karofi da yawa suka cike da ƙasa.

Ma'aunin tsabta shi ma ya canza, ya koma farin da ba ɗigo a jikinsa. Sinadaran zamani sun fi na da saurin fitar da maiƙo, ba shakka, amma ba don tufar da aka yi su ba. Ruwan bilic yana cinye shuɗin baba, yana kuma narkar da zaren tsamiya, don silikin asalinsa daga jikin tsutsa yake. Rigar saƙi ko ta tsamiya da aka gada daga kaka, wadda ta jure shekara 100 a adudu da rana da turare kaɗai, jiƙo ɗaya a bokitin bilic ya isa ya raba aikin wuyanta da jikinta.