Daga Allura Zuwa Hasken Leza

Duk wanda ya yi binciken sankara kafin 1996 ya san wannan wahala. Naman da aka yanko daga ƙari a cakuɗe yake: ga ƙwayoyin cutar, ga na garkuwar jiki, ga jijiyoyin jini. In ka niƙa su tare ka auna DNA, ba ka san na wa ka auna ba. Sai mu duƙa da allura ƙarƙashin madubin likita muna kankaro ƙwayoyin daga kan gilashi, kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa.

A shekarar ne Michael Emmert-Buck da Robert Bonner da Lance Liotta, na Cibiyoyin Lafiya na Ƙasa da ke Bethesda a Amurka, suka wallafa dabararsu a mujallar Science. A ɗora siririyar leda a kan naman, a harba hasken leza daidai inda ake so, ledar ta narke ta manne wa waɗannan ƙwayoyin kaɗai, a ɗaga ta da su. Kamfanin Arcturus ya fito da na'urar kasuwa da sunan PixCell. A Jamus kuwa, Karin Schütze da kamfaninsu PALM suka bi wata hanya: leza ta yanke kewayen ƙwayar, sannan ta cilla ta sama cikin murfin kwalba. Ta kamfanin Leica ƙasa take barin yankan ya faɗo.

Na'urar ba ita ce ta ba mu wuya ba, ruwa ne. Da laima kaɗan a naman, ledar ba za ta kama ba, kuma sinadaran da ke cinye RNA sai su farka. Dole a rina cikin gaggawa, a busar da alkohol da zailin, a yi aiki ana kallon agogo. Kuma da yake ba a rufe naman da gilashin sama, hoton dishi-dishi yake fitowa. A nan ake gane likitan da ya san nama da wanda ya san danna maɓalli kawai. Na ga ɗakunan gwaji da suka sayi na'urar da kuɗi masu yawa, ta ƙare a lulluɓe don babu mai wannan idon.

Da fasahar karanta ƙwaya ɗaiɗai ta bunƙasa, wasu suka yi wa leza jana'iza. Sun yi gaggawa. Waccan hanya tana wargaza naman, a rasa wace ƙwaya ke maƙwabtaka da wace. A 2019 masu bincike a Cibiyar Sanger ta Ingila da leza suka ciro ƙananan sassan hanjin mutane, suka nuna yadda sauye-sauyen DNA ke taruwa ko a naman da ba shi da cuta. A 2022 tawagar Matthias Mann ta sa kwamfuta ta zaɓi ƙwayoyin, leza ta yanka, aka auna furotin ɗinsu.

Ɗalibin da ke son wannan fage, ya fara ƙwarewa a karatun nama kafin ya taɓa na'urar.