Ƙananan Hukumomi da Shagunan Intanet: Darasi daga Bejin da Garden Grove

A farkon shekarun 2000, hukumomin birane da dama sun ɗauki shagunan intanet a matsayin matattarar masu laifi, suka shiga kafa musu dokoki. Wannan maƙala ta dubi birane biyu domin nuna cewa dokar da ke kare rai ita ce wadda ta fayyace sharuɗɗanta, ta kuma sauƙaƙa wa mai shago hanyar yi mata biyayya. Inda izini ya yi wuyar samu, sana'ar takan koma ɓoye, haɗarin ya ƙaru.

Cikin daren 16 ga Yuni, 2002, wasu yara biyu suka cinna wa shagon Lanjisu da ke unguwar Haidian a Bejin wuta, bayan saɓani da ma'aikatansa. Mutum 25 suka rasu, yawancinsu ɗalibai. Abin da ya hana su tsira shi ne ƙofa a kulle take, tagogi kuma an datse su da ƙarafa. Shagon ba shi da lasisi, kuma ba shi kaɗai ba ne: cikin shaguna kusan 2,400 na birnin, kimanin 200 ne kawai ke da cikakken izini. Magajin gari Liu Qi ya ba da umarnin rufe su baki ɗaya. Daga baya dokar ƙasa ta Nuwamba 2002 ta hana ƙananan yara shiga, ta kuma haramta buɗe shago a tazarar da ba ta kai mita 200 daga makarantar firamare ko sakandare ba.

In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Tsarin da ya bar fiye da kashi 90 cikin 100 na masu sana'a a wajen doka ya riga ya makantar da hukuma, domin shagon da ke gudun jami'i ba zai gayyaci 'yan kwana-kwana su duba masa ƙofar fita ba.

Garden Grove, a jihar Kalifoniya ta Amurka, ya bi wata hanyar. Bayan an kashe wani matashi a ƙofar wani shago a Disamba 2001, cikin rikicin gungun 'yan daba, majalisar birnin ta wajabta neman izini na musamman, da ɗaukar masu gadi, da sanya kyamarori, da hana yara shiga lokacin makaranta. Masu shaguna suka garzaya kotu. A 2004 kotun ɗaukaka ƙara ta jihar, a shari'ar Vo da birnin Garden Grove, ta amince da masu gadi da kyamarori da ƙayyade lokacin yara, amma ta ƙi sharaɗin izinin, saboda ya bai wa jami'i damar bayarwa ko hanawa yadda ya ga dama a kan sana'ar da ta shafi 'yancin faɗin albarkacin baki. Mai shari'a David Sills ya saɓa wa abokan aikinsa kan kyamarorin, yana ganin sun keta sirrin mai karatu da rubutu.

Mai suka zai ce rai ya fi sirri, kuma hukumar da ta ga gawa ba ta da lokacin jan ƙafa. Wannan magana tana da nauyi. Sai dai hukuncin kotun bai ɗaure hannun hukuma ba. Ya raba ne tsakanin ƙa'idar da kowa zai iya karantawa ya auna, da ikon da ya rataya ga son ran mutum guda. Damuwar Sills ma tana da magani: a ƙayyade wanda zai kalli hotunan, da tsawon lokacin ajiye su.

Batun ya shafi Nijeriya. Dokar laifukan intanet ta 2015, a sashe na 7, ta wajabta wa masu shagunan intanet (kafe) yin rajista da ajiye littafin sunayen masu shiga. Tsarin mulkin 1999 kuwa ya danƙa wa ƙananan hukumomi kula da shaguna. Yau mai damfara yana aikinsa da wayar hannu daga ɗakinsa, yayin da mai zuwa kafe galibi ɗalibi ne da ke duba sakamakon jarrabawa, ko mai cike takardar neman aiki. Tsananta wa shagon ba zai kama na farkon ba, zai dai cutar da na biyun.

Don haka ya kamata shugabannin ƙananan hukumomi da kansiloli su rubuta sharuɗɗa kaɗan bayyanannu: ƙofar fita a buɗe, tukunyar kashe gobara, wayoyin lantarki masu inganci, lokacin da yara za su shiga, da kuɗin lasisi guda da aka manna a bango. Duk wanda ya cika su a ba shi izininsa ba tare da kamun ƙafa ba, wanda ya karya su kuma a hukunta shi shi kaɗai.